Yanda ake zaɓen 'yan gwajin jiragen simuleta, da yanda ɗan ƙauye zai samu shiga

Masu wasa da simuletar jirgin sama a wajenmu ba su da yawa amma akwai su, daga Ringim zuwa Gumel zuwa Kazaure zaka samu ɗaiɗaiku, wani malamin firamare ne wani mai shagon caji ne wani kuma ɗalibi ne da yake burin zuwa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya aljihu bai kai ba tukunna. Kuma duk sanda aka ga wani ya saki hoton jirgin da ba'a fara sayarwa ba yana cewa shi ɗan gwaji ne, tambayar ɗaya ce, wai shi wannan ya akayi ya samu, kuɗi ya biya ko ɗan gidan wani ne? Ba kuɗi bane kuma ba hanya bace. Masu ƙera jiragen nan mutum ɗaya suke nema, wanda in ya ga matsala zai iya faɗa musu yanda zasu sake ganinta da idonsu, ya kama bakinsa, kuma bazai ɓace musu a tsakiyar aiki ba.

Ga wanda bai san harkar ba, simuleta manhaja ce da ake tuƙa jirgi a cikinta a kwamfuta kamar da gaske, ita ce uwar, kamar Microsoft Flight Simulator wanda tun 1982 ake yinsa, na 2020 da na 2024 kamfanin Asobo na garin Bordeaux a Faransa ne ya haɗa su, sai X-Plane na Laminar Research wanda na 12 ya fito ƙarshen 2022, sai Prepar3D na Lockheed Martin, ga kuma FlightGear da yake kyauta. Kowanne yana zuwa da nasa jiragen amma yawancinsu sama-sama ne. Shine wasu kamfanoni daban, wani ma mutum biyar ne ko goma a warwatse a ƙasashe, suke zama su ƙera jirgi guda ɗaya tak da dukkan maɓallansa da wayoyinsa da halinsa, ka saya ka ɗora a kan simuletar. PMDG an san su da Boeing 737 da 777, Fenix sun fitar da Airbus A320 a 2022, ToLiss suna yi wa X-Plane jiragen Airbus, iniBuilds sunyi A300 da A310. Irin waɗannan jiragen in ka kunna injin ba bisa ƙa'ida ba bazai tashi ba, in ka manta famfon mai a kashe zai nuna maka. Toh abu mai sarƙaƙiya haka dole a samu tangarɗa, kuma wanda ya ƙera abu shine ya fi kowa makancewa a kansa saboda kullum hanya ɗaya yake bi wajen kunna shi.

Shi yasa ake gwaji hawa-hawa. Na farko alfa, jirgin bai ma gama haɗuwa ba, su da kansu da 'yan amintattunsu suke dubawa. Sai beta, an saka kusan komai saura farautar matsaloli, nan ne ake ɗebo mutanen waje. Daga nan sai wanda ake sa ran sakinsa kasuwa, a sake bi ta kansa kaf. Kar ka haɗa wannan da 'yan YouTube da ake ba jirgi saura kwanaki a sake shi, waɗancan talla ce ake so suyi, yawan mabiyansu aka duba. Kar kuma ka haɗa shi da jirgin da ake sayarwa tun bai ƙarasa ba ace ka saya ka dinga bada ra'ayi, wannan kai kastoma ne da kuɗinka. Ɗan gwaji na gaskiya yawanci ba'a biyansa ko sisi, abin da aka saba shine in an saki jirgin a bar maka shi kyauta, wani lokacin a saka sunanka a shafin godiya na littafin jirgin. In albashi kake nema ɗan'uwa ba nan bane, gara ka sani tun yanzu.

Ƙofa biyu ce. Wasu in lokaci yayi sai su sanar a Discord ɗinsu ko Facebook ace ga fom a cike, kwana kaɗan a rufe. Wasu kuma musamman manyan, basa ma sanarwa, kawai wata rana zaka ga saƙo ya shigo maka ana tambayarka ko kana da sha'awa, saboda sun daɗe suna ganin yanda kake rubutu a wajen da kastomomi suke kai ƙorafi. Ko ta fom ɗin ma in ka lura, wanda suka riga suka san sunansa shi ake fara ɗauka, dan haka ƙofar farko ma ta biyun ce ta buɗe ta. Kuma ba irin mutum ɗaya suke tarawa ba. Akwai matuƙan gaske da injiniyoyin da suka yi aiki a kan wannan jirgin, su ne masu cewa a'a wannan fitilar bata kamawa sai an yi kaza, waɗannan kujerarsu daban ce bama takara dasu. Akwai ƙwararrun 'yan simuleta da suka haddace littattafan jirgin. Sannan akwai talakan mai amfani, wanda zai danna abin da ba'a taɓa tunanin wani zai danna ba, kuma zai iya bayanin me ya danna. A layi na biyu da na uku muke da wuri.

Maganar kwamfuta kuwa mutane sun ɗauka sai mai dodon inji ake ɗauka, ba haka bane. Su so suke su ga jirgin a kan injina kala-kala, mai katin hoto na Nvidia da mai AMD, mai RAM 16 da mai 64, wanda ya sayi simuletar a Steam da wanda ya saya a Microsoft Store saboda foldodinsu ba wuri ɗaya suke zama ba, mai joyistik ɗin Logitech Extreme 3D Pro guda ɗaya da mai cikakken kayan Honeycomb ko Thrustmaster, mai VR da mai ƙaramin allon laftof. In duk 'yan gwajin masu manyan injina ne ranar da aka saki jirgin rabin kastomomi zasu ce yana musu tsalle-tsalle, ba wanda ya gani kafin nan. Amma fa akwai iyaka, dole injinka ya iya ɗaukar simuletar kanta. Microsoft Flight Simulator na 2020 mafi ƙanƙantar abin da suka nema RAM giga 8 ne da wurin ajiya giga 150, na 2024 kuma RAM giga 16 da intanet mai gudun megabit 10 saboda shi kusan komai ta intanet yake jawowa kana cikin tashi. Wannan na ƙarshen shi yasa ni a ganina wanda yake ƙauye da sabis mai zuwa yana ɗaukewa, X-Plane ko na 2020 sun fi masa rufin asiri. In tsohuwar kwamfutar da ka sayo a Beirut Road tana iya ja lafiya ko da an rage kyan hoto, kana cikin lissafi. Ka buɗe dxdiag a Windows ka adana bayanin injinka a fayil, shi zaka dinga kwafowa duk sanda aka tambaya, kar ka ƙara ko giga ɗaya a kai dan zasu gani a rahotonka na farko.

Yanzu ga inda ake cin jarrabawar ko a faɗi, wato rubuta rahoto. Duk wanda ya taɓa kai babur wajen bakanike ya san bambancin wanda zai ce "malam yana wani irin ƙara" da wanda zai ce "in na saka giya uku na ja totur a kan hawa, kuma sai injin yayi zafi, sai naji ƙara ta gefen sarƙa". Na farko sai bakanike ya wuni yana lalube, na biyu kafin ya gama magana an ɗauko sifana. Mafi yawan abin da masu ƙera jirgi suke samu irin na farko ne, otofailot (na'urar da take tuƙa jirgi da kanta) baya aiki ku gyara, jirginku ya lalace, da alamar motsin rai guda goma. Ga yanda wanda ake ɗauka yake rubutawa, na sa shi da Hausa dan a gane tsarin, kai zaka juya shi Turanci:

Take: jirgi baya bin tsayin da aka saka in an canza hanyar sauka bayan an fara gangarowa.

Lambar fitowar jirgin da ta simuletar: kaza da kaza. Babu wani ƙari a foldar Community (inda ake zuba jirage da ƙare-ƙare a simuletar Microsoft) sai shi kaɗai.

Tafiya: DNAA (filin jirgin Abuja) zuwa DNKN (na Kano), nauyi kaza, mai kilo kaza, yanayi na saita shi da hannu babu iska.

Abin da nayi: na tashi na kai ƙafa 25,000, na fara gangarowa da VNAV (tsarin da jirgi yake lissafa hawa da sauka da kansa), ina ƙafa 15,000 na shiga kwamfutar jirgin na canza titin sauka daga 06 zuwa 24, na tabbatar da canjin.

Abin da ya kamata ya faru: ya sake lissafin gangarowa ya tsaya a tsayin da na saka.

Abin da ya faru: ya wuce tsayin yaci gaba da sauka.

Na maimaita daga farko ya sake yi. Na gwada ba tare da canza titi ba bai yi ba. Ga hoton allo kafin da bayan, ga fayil ɗin log (inda simuletar take rubuta abin da ya faru).

Ka lura da layin ƙarshe, nan ne darajar take. Cewa ya maimaitu, da kuma cewa in an cire abu ɗaya baya faruwa, ka riga ka yi wa mai gyara rabin aikinsa. Matsala ɗaya rahoto ɗaya, kar ka cusa biyar a saƙo guda dan in sun gyara uku basu san yanda zasu rufe shi ba. Kuma kafin ka tura ka bincika ko wani ya riga ka, in ya riga ka sai ka ƙara naka bayanin a ƙarƙashin nasa, wannan ɗabi'ar kaɗai tana sa a lura da mutum.

Amma kafin rahoto akwai tankaɗe da rairaya, dan wallahi fiye da abin da kake zato na "matsalar jirgi" daga wajenmu yake. Abu na farko ka kwashe duk wasu ƙare-ƙare daga foldar Community, ko a X-Plane ka cire filogin ɗin da ka tara, wato ƙananan manhajojin ƙari, ka bar jirgin shi kaɗai ka sake gwadawa, sau da yawa wani fenti ne ko wani filin jirgi na kyauta yake faɗa da shi. Na biyu ka kashe saitunan taimako da simuletar take kunna wa sababbi, masu taya ka riƙe jirgi da juya wutsiya, dan suna kokawa da na'urar jirgin. Na uku joyistik, in ya tsufa yana ɗan rawa shi kaɗai ko baka taɓa shi ba, sai otofailot ya ɗauka kai ne ka karɓi tuƙi ya saki, kai kuma kace ya lalace, maganinsa ka faɗaɗa wurin da baya jin motsi a tsakiya. Na huɗu bayanan hanyoyin sama, duk kwana 28 ake sabunta su a duniya, in SimBrief, shafin da yake tsara tafiyar jirgi, ya tsara maka hanya da na wani zagayen jirginka kuma yana ɗauke da na wani, zaka ga wata mahaɗa ta ɓace kace laifin jirgi ne. Harda kilo da fam, kilo ɗaya fam 2.2 ne, ka zuba mai da ɗaya kana zaton ɗayan ne sai injin ya mutu maka a saman Zariya.

Sai kuma rashin sanin jirgin kansa, wannan shi yafi kunyata mutum. Wanda ya saba da Boeing ya san in na'ura tana sarrafa ƙarfin injin hannun totur ɗin yana motsi da kansa gaba da baya. Ya hau A320 ya ga hannun yana zaune daram a kan alamar CL ta hawa, injin kuma yana ƙaruwa yana raguwa, sai ya ruga ya rubuta cewa totur ya maƙale, alhali haka Airbus suka ƙera shi. Ko ya kunna jirgi daga sanyi ya ga allon taswira babu komai, bai san na'urar gane wuri tana buƙatar mintuna har kusan goma jirgin yana tsaye kafin ta daidaita ba. Rahoto irin wannan guda biyu ya isa a saka sunanka a layin waɗanda ba'a karanta su. Dan haka ka zaɓi jirgi ɗaya ka zauna a kansa, ka karanta littafin da yazo da shi daga bango zuwa bango, in abu ya maka baƙo ka fara da tambaya, shin haka yake a jirgin gaske, maimakon ka yanke hukunci.

Fayil ɗin log kuma ka san inda yake tun kafin a tambaye ka. A X-Plane sunansa Log.txt yana cikin babbar foldar, kuma duk sanda ka sake kunna simuletar sabo yake rubutawa a kan tsohon, dan haka in ta rufe kanta ka kwafe shi gefe kafin ka sake buɗewa. A Microsoft Flight Simulator in ta watso ka waje sai ka shiga Event Viewer na Windows ka kwafo abin da ya rubuta a daidai wannan mintin. Hoto kuma ka ɗauka daga cikin kwamfutar, banda ɗaukar allo da waya hannu na rawa hasken taga ya cinye rabin rubutun. Manhajar OBS ta naɗar allo kyauta ce in bidiyo ake so, ka yanke shi zuwa daƙiƙu talatin ɗin da abin ya faru ka tausaya wa datarka da tasu.

A ina zaka fara nuna kanka tunda ba wanda ya sanka? Wuraren da basa neman izini. Microsoft suna buɗe gwajin sabuntawarsu ga kowa, ta Steam ko ta Xbox Insider Hub. X-Plane akwai ɗan akwatin da zaka danna a manhajar girka shi ya baka na gwaji. FlyByWire masu A32NX da A380X kyauta suke bayarwa kuma aikinsu a buɗe yake a shafin GitHub, kana iya saka wanda ake kan ginawa ka kai rahoto kowa yana gani, kuma nan makaranta ce dan zaka karanta rahotannin wasu ka ga wanne aka amsa da sauri wanne aka rufe. Akwai Zibo na 737-800 a X-Plane shima kyauta. Wanda bai sayi komai ba tukunna yana iya farawa da FlightGear, ko X-Plane na ɗanɗano da yake baka minti 15. Ka riƙe suna ɗaya a ko'ina, kar yau kai ne wane gobe kai ne Kyaftin kaza, dan sunan ne yake tara maka tarihi. In sabon shiga yayi tambayar da ka san amsarta ka amsa masa da ladabi, masu kamfanin suna karantawa ko basu tanka ba. Abin da bazaka yi ba shine bin su ta inbox kana dan Allah a saka ni, ko ka dinga tambayar yaushe za'a saki jirgi. Wannan yana ƙona mutum da wuri.

Toh me ɗan Jigawa ko ƙauyen Kano yake dashi da wanda ke Jamus bashi dashi? Akwai, kuma shi ya kamata ka rubuta a fom maimakon "ina son jirage tun ina yaro" da kowa yake rubutawa. Yawancin 'yan gwaji tsakanin manyan filayen Turai da Amurka suke shawagi. Kai kuma ka san DNKN da DNDS na Dutse da DNJO na Jos da DNMA na Maiduguri, filayen da ba kowa yake duba ko hanyoyin shigarsu suna fitowa daidai a kwamfutar jirgin ba. Ga zafi. Filin Malam Aminu Kano yana sama da teku da ƙafa 1,500 da ɗoriya, a ma'aunin da ake lissafin jirage dashi zafin wannan tsayin bai wuce digiri 12 ba, mu kuwa a watan Afrilu 40 muke gani, wato iskar ta yi sirantar da jirgi zai ji kamar yana wajen ƙafa 5,000 ne, zai ci titi da yawa kafin ya ɗaga, hawansa ma da nauyi. In jirgin simuleta ya tashi a Kano da azahar ɗin bazara cike da kaya kamar yana tashi da asubar hunturu, akwai abin dubawa a lissafinsa, kuma kai ne zaka fara tunanin gwada hakan. Jos ma da ta haura ƙafa 4,000 wurin gwaji ne mai kyau. Ga hazo na Disamba da Janairu, saukar da ba'a ganin titi sai an zo dab, ka saita ganin nesa ya ragu ka bi ILS, siginar da take jagorantar jirgi zuwa titi, ka ga ko zai kawo ka kan layi.

Ga wani kuma da ba kowa zai kawo ba, sunan akawun ɗinka na Windows. Akwai manhajojin da suke tuntuɓe in hanyar folda tana da harafin da ba na Turanci ba, toh wanda ya rubuta sunansa da ƙ ko ɗ ko ɓ yana da gwajin da babu wanda zai yi musu a can. Haka raunin intanet, da yawan jiragen nan suna tambayar lasisi ta intanet ko su jawo tsarin tafiya daga SimBrief, me zai faru in sabis ya ɗauke ana tsakiyar haka, zai jira ne ko zai daskare? Mu kullum a cikin wannan gwajin muke ba tare da mun nema ba. Sai doguwar tafiya, akwai matsalolin da basa fitowa sai jirgi ya daɗe a sama yana cin RAM a hankali, Kano zuwa Jidda awa huɗu da wani abu ne, hanyar da duk shekara alhazanmu suke bi, ka bar shi ya tafi ba tare da ka ƙara gudun lokaci ba kana leƙa Task Manager jefi-jefi kana rubuta abin da ka gani.

Sai dai doguwar tafiya tana kawo mu maganar wuta. In aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu ba jirgin ne yayi kirash ba, kar ka kai rahotonsa. Mai kwamfutar tebur dole ya nemi inbata ko ƙaramar sola ko aƙalla UPS, mai laftof kuma ya sani in ta koma kan batir da kanta take rage ƙarfi, sai hoto ya fara sarƙewa ka ɗora wa jirgi laifi. Zafin ɗaki ma haka, injin da ya sha ƙurar hunturu fankarsa ta toshe zai rage gudu, ka busa shi kafin ka auna komai. Data kuwa ka yi lissafinta da gaske, lokacin gwaji sabon gini, wato sabon kwafin jirgin da aka yi wa gyara, yana iya fitowa yau wani ya biyo jibi kuma kowanne sai ka sauke, rahoton da aka yi a kan tsohon gini bashi da amfani. Masu sayen datar dare sun san dabarar, wani kuma ranar kasuwa in ya shiga gari yake saukewa a inda sabis yake da ƙarfi. Duk wanda kake yi ka faɗa musu gaskiyarsa. In fom ya tambayi awa nawa zaka iya bayarwa a sati, biyar ɗin da zaka cika ta fi ashirin ɗin da zaka rubuta dan burgewa. In ka san da saukar damina gona zata ɗauke ka, ko lokacin girbi, ko azumi dare ya zama na masallaci, ka rubuta tun farko. Ba'a jin haushin wanda yace bazan samu dama ba daga watan kaza zuwa kaza, wanda ya karɓi jirgi yayi shiru shine ba'a sake kira. Wani ɗan amfani da muke dashi, agogonmu awa ɗaya ne gaba da na Zulu da ake amfani dashi a harkar jirage, kusan lokaci ɗaya muke da Turai, in sun saki gini da yammarsu muma yammarmu ce.

Turancinka ba sai ya zama na lauya ba. Su kansu masu ƙera jiragen da yawansu ba yarensu bane. Gajerun jimloli, lambobi daidai, sunan maɓalli kamar yanda aka rubuta shi a jikin jirgin. In manhajar fassara zaka yi amfani da ita ka sake karantawa kar ta juya maka sunan na'ura. Doguwar gaisuwarmu ta ina kwana ya iyali ya aiki ka ajiye ta, layi ɗaya ya isa, ba rashin ladabi bane a wajensu. In fom ɗin yace ka kawo misalin rahoton da ka taɓa yi, nan ne aikin da kayi a FlyByWire ko X-Plane zai maka rana, ka manna musu adireshinsa kawai. Awowin da ka tara a VATSIM ko IVAO, inda 'yan simuleta suke tashi tare ta intanet, suma ka ambata in kana dasu. Abin da baka sani ba kace baka sani ba, kar ka ce kai matuƙi ne dan tambaya biyu zasu maka asiri ya tonu.

In an ɗauke ka abu na farko takardar riƙe sirri ce, NDA, da sunanka na gaskiya zaka sa hannu kuma yawanci sai wanda ya kai shekara 18. Ka karanta ta duka. Ma'anarta ba hoto ba bidiyo ba labari, wani lokacin ko cewa kana cikin 'yan gwajin ma ba'a yarda ba. Nan ne namu yake da wuya, dan mun saba abu in ya shigo hannu sai an nuna wa abokai a majalisa, wani ya ɗauka da waya ya ɗora a status na WhatsApp yana ganin ai mutanen garinmu ne kawai zasu gani. Ana iya saka wa kowane ɗan gwaji alama a nasa kwafin, in ya fita an san ta hannun wa ya fita, kuma harkar ƙarama ce masu kamfanonin sun san juna. In kwamfutar ta shago ce ko ta gida da ƙanne suke hawa, ka buɗe akawun daban mai kalmar sirri, in bazai yiwu ba ka haƙura da gwajin sirri ka tsaya a na fili. Tura wa aboki a filash kuwa ko a mafarki.

Haka maganar kayan sata. Na san yanda ake loda wa mutum wasanni a shago a cika masa ma'ajiyar kwamfutarsa da kuɗi kaɗan, kuma na san wahalar biyan dala da katin naira. Amma wanda simuletarsa ko jirginsa fasasshe ne kar ma ya cike fom, log ɗin da zai tura da hannunsa shi zai iya tona shi, wasu kuma lambar sayayya suke fara tambaya. Gara jirgi ɗaya na halak ko na kyauta. Ta ɗaya gefen kuma duk wanda ya turo maka saƙo yace ka biya kuɗin rajista a saka ka a beta, ko ya baka wani fayil ka girka daga wani wuri da ba shafin kamfanin ba, ɗan damfara ne, ka duba sanarwar a shafinsu na ainihi.

Aikin kansa ba shawagin jin daɗi bane. Za'a iya ce maka wannan satin kai fitilun ɗakin matuƙi ne naka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya dare da rana, ko ka tashi daga fili ɗaya ka fasa sauka ka sake zagayowa har ka gaji da ganin titin. In sun ce sun gyara abu kai zaka koma ka tabbatar, ka kuma duba ko gyaran bai ɓalle wani wurin da yake lafiya jiya ba, wannan yana faruwa sosai. Wani rahoton naka za'a rufe shi ace haka jirgin gaske yake, ko ace an gani amma sai bayan an saki jirgin, ka kawo hujjarka daga littafi sau ɗaya in kana da ita, in sun tsaya a kan bakansu ka wuce na gaba. In kuma ka cike fom shiru ba amsa, yawanci basa bin kowa da saƙon haƙuri, wataƙila masu irin katin hotonka sun riga sun cika ne. Ka ajiye amsoshinka a fayil, duk sanda ka canza RAM ko joyistik ko ka ƙara rahoto mai kyau ka gyara shi, dan wani fom ɗin kwana biyu kawai yake yi a buɗe kuma ba lallai ranar kana da sabis ɗin zama rubutu ba.